Kafin a sayi fulat a Landan, Dubai ko Abuja: a hannun wa ikon ginin yake?

Wanda ya sayi fili ya kewaye shi da katanga ya gina gidansa, shi ke da rufinsa da magudanar ruwansa da launin ƙofarsa, kuma in ya ga dama ya bar fenti ya koɗe shekara goma, babu mai aiko masa da takarda. Wanda ya sayi fulat a hawa na shida, ko gida a cikin rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya da masu gadi, ba haka lamarinsa yake ba, domin rufin da ke kansa da matakalar da yake hawa da bututun da ke kawo masa ruwa duk na tarayya ne, kuma dole a samu mai yanke shawara a kansu, ya karɓi kuɗin gyaransu, ya hukunta wanda ya ƙi biya. Kowace ƙasa da yadda ta tsara wannan, kuma bambancin ba ƙarami ba ne ga ɗan kasuwar Kano da ke duba fulat a Dubai, ko ma'aikaciyar jinya da ta tara kuɗin kafin alƙalami a Manchester, ko uban da ke son saya wa 'ya'yansa masu karatu masauki a Istanbul ko Alƙahira. Dillali zai faɗi kuɗin hidima na wata, kuma a nan yawancin masu saye ke tsayar da tambaya. A ganina wannan adadi shi ne mafi ƙarancin amfani cikin abubuwan da ya kamata a sani. Abin da ke raba cinikin alheri da na da-na-sani shi ne a hannun wa ikon ginin yake, me mai ikon zai iya yi wa wanda ake bi bashi, da kuma ko an tara wani abu domin ranar da rufi zai tsufa.

Da Ingila ya kamata a fara, domin a can ne aka fi samun wanda ya ɗauka ya mallaki abin da bai mallaka ba. Kusan duk fulat da ake sayarwa a Ingila da Wales haya ce ta dogon zango: mai saye yana biyan kuɗin gida cif, amma abin da ya karɓa izinin zama ne na shekara 99 ko 125 ko 999, ƙasa da gangar jikin ginin kuwa suna hannun wani mai ƙasa, wanda sau da yawa kamfanin zuba jari ne da bai taɓa taka ginin ba. Dalilin haka na shari'a ne. A dokar Ingila alƙawarin yin wani aiki ko biyan wani kuɗi ba ya bin cikakkiyar mallaka daga mai sayarwa zuwa mai saye, amma yana bin takardar haya, shi ya sa aka mayar da masu fulat 'yan haya domin a iya tilasta wa kowane sabon shiga biyan kasonsa na gyara. Gidaje kusan miliyan 5 ne ke kan wannan tsari a Ingila. Mai ƙasa ne ke naɗa kamfanin da ke kula da ginin, shi ke zaɓen inshora, shi ke tsara kasafin shekara, masu fulat kuma su biya. Doka ba ta bar su haka kawai ba: dokar 1985 ta wajabta a tuntuɓe su kafin duk wani aikin da zai ci wa mutum ɗaya fiye da fam 250, suna iya ƙalubalantar kuɗin hidimar da ya wuce hankali a gaban kotun musamman ta harkar gidaje, kuma tun dokar 2002 suna iya karɓe kula da ginin ba tare da sun nuna laifin mai ƙasa ba, muddin aƙalla rabin masu fulat ɗin sun haɗa kai. Duk da haka wuƙa da nama suna hannun mai ƙasa, domin bashin da ya haura fam 350, ko wanda ya wuce shekara 3 ba a biya ba, yana iya buɗe masa hanyar neman a soke hayar baki ɗaya, ya karɓe fulat ɗin ba tare da ya mayar da ko kwabo ba. Ba kasafai ake kaiwa can ba, saboda bankin da ya ba da lamuni kan yi maza ya biya ya ɗora a kan bashin mai gida, amma barazanar kaɗai ta isa ta sa mutum ya biya abin da yake jayayya a kansa.

Shekarun hayar kuma raguwa suke yi. Fulat da ya rage masa shekara 82 da wanda ya rage masa 78 suna iya zama ƙofa da ƙofa amma darajarsu ba ɗaya ba, domin a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, da zarar an sauko ƙasa da 80 kuɗin tsawaita hayar kan yi tsalle, bankuna kuma su fara ja da baya. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara, wanda a wasu takardun aka rubuta zai riƙa ninkawa duk shekara 10. Dokar 2022 ta hana shi a sababbin hayoyi, ba ta taɓa tsofaffi ba. Dokar 2024 ta tanadi tsawaita haya da shekara 990 da sauƙaƙa lissafin kuɗin, sai dai kashi-kashi ake aiwatar da sassanta, saboda haka lauya ne zai faɗa wa mai saye abin da ya riga ya hau aiki a ranar cinikinsa. Tun 2004 akwai tsarin mallakar tarayya ta dindindin a littafin doka, amma masu gini ba su karɓe shi ba, har zuwa 2020 gine-ginen da ke kansa ba su kai 20 ba. Bayan gobarar hasumiyar Grenfell da ke Landan ta ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta kashe mutum 72, an gano dubban gine-gine masu irin lulluɓin bangon da ke cin wuta, kuma masu fulat da yawa sun shafe shekaru ba su iya sayarwa ba, ga kuɗin masu sintirin dare a kansu. Wanda ya nace sai Ingila, abin da ya fi masa shi ne ginin da masu fulat ɗin suka haɗu suka saye ƙasar ta hannun kamfaninsu, domin a nan mai biya shi ne mai yanke shawara. Scotland dabam take, a can mallakar fulat cikakkiya ce, dokar 2004 kuma ta tsara yadda maƙwabta ke raba kuɗin gyara.

A Amurka abin ya juye. Mallakar cikakkiya ce, fili da gini, amma an ɗaure ta da sharuɗɗan da kamfanin da ya gina unguwar ya rubuta ya yi musu rajista tare da filin tun kafin a sayar da gida ko ɗaya. Duk wanda ya saya ya zama ɗan ƙungiyar masu gidaje, wadda suke kira HOA, ko yana so ko ba ya so, kuma babu ficewa sai da sayarwa. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 350,000, mutanen da ke zaune a ƙarƙashinsu kuma sun wuce miliyan 70. Maƙwabta ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa daga cikinsu, yawanci aikin sa-kai ne, kuma abubuwan da kwamitin ke iya tsoma baki a ciki za su ba wanda ya saba da gidan kansa mamaki: launin fenti, tsayin ciyawar ƙofar gida, lokacin fitar da kwandon shara da lokacin shigar da shi, ajiye motar sana'a a waje, shanya a fili, da ko za a iya ba da gidan haya. Wanda ke mafarkin doguwar katangar da za ta suturta iyalinsa yadda aka saba a gida, ya karanta babin shinge kafin ya duba farashi, domin a unguwanni da yawa ba a yarda da shinge a gaban gida sam, na baya ma an ƙayyade tsayinsa da abin da za a yi shi da shi.

Wanda ya saɓa ana cin sa tara, wanda ya ƙi biyan kuɗin wata kuma ƙungiya na iya ɗora bashin a kan takardar gidan, har ta kai ga sa shi a gwanjo, ko da kuwa ya gama biyan banki tuntuni. Iyakar wannan iko ta danganta da jiha, shi ya sa maganar "dokar Amurka" a nan ba ta da ma'ana sosai. A California, inda dokar Davis-Stirling ta 1985 ke aiki, ba a zuwa gwanjo sai bashin ya kai dala 1,800 ko ya wuce wata 12, wasu jihohin kuwa ba su ba mai gida irin wannan kariya ba. Gwamnatin tarayya ta shata wasu iyakoki da ƙungiya ba ta isa ta tsallaka ba. A 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta sharuɗɗan da ke haramta sayar wa baƙar fata, dokar adalci a gidaje ta 1968 ta haramta wariya saboda launi ko addini ko ƙasar asali, daga baya aka ƙara masu ƙananan yara, kuma tun 1996 ba a iya hana mutum kafa ƙaramin farantin satalayit a wurin da yake nasa shi kaɗai. Amma ƙayyade yawan mazauna bai zama wariya ba kai tsaye, ma'aikatar gidaje ta tarayya ma tana ɗaukar mutum biyu a kowane ɗakin kwana a matsayin ma'auni mai ma'ana, abin da mai babban iyali zai yi lissafi da shi. A birnin New York akwai wani salon kuma, inda abin da ake saye hannun jari ne a kamfanin da ya mallaki ginin, kwamiti ya binciki dukiyar mai saye, ya kira shi ganawa, ya kuma iya ƙin sa ba tare da ya faɗi dalili ba. Irin wannan gini bai dace da wanda zai saya ya koma gida ya bar 'yan haya ba, domin yawancinsu sun taƙaita ba da haya.

Babban darasin Amurka dai a asusun ajiya yake. Masu gidaje ne ke zaɓen kwamiti, kwamitin da ya ƙara kuɗin wata ba ya farin jini, saboda haka shekara da shekaru ana ɗage gyara. A ginin Champlain Towers South mai hawa 12 da ke Surfside a jihar Florida, injiniya ya ba da rahoto a 2018 cewa kankaren ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya ya lalace sosai. An daɗe ana ja-in-ja a kan kuɗi, sai a 2021 aka amince da karo-karo na musamman na kimanin dala miliyan 15, inda kason kowane mai fulat ya kama daga kusan dala 80,000 zuwa sama da dala 300,000. Ranar 24 ga Yuni 2021, kafin a fara gyaran kankaren, wani ɓangare na ginin ya rufta, mutum 98 suka rasu. A 2022 jihar ta yi dokar da ta wajabta binciken injiniya ga duk ginin tarayya mai hawa 3 ko fiye idan ya kai shekara 30, ta kuma hana masu fulat jefa ƙuri'ar yafe wa kansu tara kuɗin gyaran ginshiƙai da rufi. Nan da nan kuɗin wata ya tashi a tsofaffin gine-gine, farashin fulat ɗinsu kuma ya yi ƙasa. Tsohon ginin da kuɗin watansa ya fi na maƙwabtansa araha, sau da yawa bashi ne ake tara wa wanda zai saya a gaba.

Jamus da Faransa sun bi wata hanyar, inda majalisar ƙasa ta rubuta yawancin ƙa'idojin da a Amurka aka bar wa mai gini. Dokar Jamus ta 1951, wadda aka yi wa babban garambawul daga 1 ga Disamba 2020, ta ba mai saye cikakkiyar mallakar fulat ɗinsa da wani kaso na ƙasa da gini. Ana taron masu gida aƙalla sau ɗaya a shekara, ana naɗa ƙwararren manaja na wa'adin da bai wuce shekara 5 ba, kuma tun garambawul ɗin ana iya sauke shi a kowane lokaci. Asalin ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai girman abin da ya mallaka, sai in takardar rabon ginin ta ce a bi kaso. Abin da ya fi shafar mai gidan da ke zaune a wata ƙasa shi ne yanzu taro na iya yanke shawara komai ƙarancin waɗanda suka halarta, kuma wanda bai yarda ba wata ɗaya kacal gare shi ya kai ƙara kotu. Mutum na iya kasancewa a Kaduna, maƙwabta ƙalilan su zauna a Frankfurt su amince da sauya na'urar ɗumama gini, kafin takarda ta iso shi wa'adin ya shige. Doka ta ce a tara ajiya daidai gwargwado, ba ta faɗi adadi ba, saboda haka masu saye a Jamus sun saba neman rahotannin tarukan shekarun baya, inda ake ganin wane gyara aka ɗage, wa ake bi bashi, wa ke ƙarar wa. Ga mazaunin ginin kuma akwai dokar gida: ba a hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ba a buga guduma ko huda bango ranar Lahadi, a yankin Stuttgart ma har yanzu akwai gidajen da ake rataya allo a ƙofar wanda makon sharar matakala ya faɗo kansa. Gidan da ake yawan baƙi da hira har tsakar dare zai sha ƙorafi a irin wannan gini, ko da bai taɓa makara da biyan kuɗi ba.

A Faransa dokar 10 ga Yuli 1965 ce ginshiƙi, kuma ƙuri'a da kuɗi duk suna bin kason da aka rubuta wa kowane fulat. An hana babba danne ƙanana, domin wanda kasonsa ya haura rabi ana rage ƙuri'unsa zuwa jimlar na sauran. Kowace irin shawara da rinjayen da take buƙata: gyaran yau da kullum rinjayen waɗanda suka jefa ƙuri'a, naɗin manaja rinjayen dukkan masu gida, manyan sauye-sauye kuma rinjayen mutane masu riƙe da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Ana aika sammacin taro aƙalla kwana 21 kafin ranar, ana iya jefa ƙuri'a ta wasiƙa, kuma wanda ya ƙi amincewa ko bai halarta ba yana da wata 2 ya ƙalubalanta. Dokar 2014 ta wajabta asusun manyan gyare-gyare da ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na kasafin shekara ba, ta kuma tilasta wa mai sayarwa miƙa rahotannin tarukan shekara 3 da suka wuce. A takarda wannan ya fi na Jamus sauƙaƙa wa wanda ke nesa. Amma dokar ba ta iya sa kuɗi a aljihun maƙwabci, kuma a tsarin ƙasashen biyu giɓin da wanda bai biya ba ya bari a kan masu biya yake komawa. Rukunin Grigny 2 da ke kudancin Paris, mai fulat kusan 5,000, ya nutse cikin bashi har gwamnati ta shiga tsakani a 2016. Fulat mai araha a irin waɗannan unguwanni, arahar tana da dalili.

Ostireliya da Afirka ta Kudu sun fi sauran a abu guda, wato wurin kai ƙara mai sauƙi. Jihar New South Wales ta Ostireliya ce ta fito da tsarin takardar mallaka ta hawa-hawa a 1961, ƙasashe irin su Singafo da Malesiya suka kwaikwaya. Dokarta ta 2015 ta wajabta asusu biyu, na hidimar yau da kullum da na manyan ayyuka, da shirin gyara na shekara 10, ta kuma ce ƙa'idar gida ba za ta zama mai tsanani ko zalunci ba. Da wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke dokar wani gini a Sidni da ta haramta ajiye kowace irin dabba, a 2020. Sai dai Ostireliya tana taƙaita wa baƙi sayen gidajen da aka riga aka zauna a cikinsu. Afirka ta Kudu ta kafa ofishin sasanta rigingimun gidajen tarayya da ya fara aiki a 2016, ta wajabta asusun ajiya da shirin shekara 10, kuma ba a yi wa cinikin fulat rajista sai an tabbatar an biya ƙungiya duk abin da take bi, abin da ke kare mai saye daga gadon bashi. Kada dai a ɗauka kotunan can suna sassauta wa mai saɓa ƙa'ida. A 2019 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa rukunin Mount Edgecombe da ke kusa da Durban ikon cin tarar mazaunin da ya wuce gudun kilomita 40 a awa a titunan cikinsa, bisa hujjar cewa yarjejeniya ce da mai gida ya shiga da kansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dubai, inda 'yan kasuwarmu suka fi karkata, ta gwada tsarin ƙungiyar masu gida a dokar 2007, sannan ta janye a doka mai lamba 6 ta 2019. Yanzu kula da gini na hannun kamfanin da ya gina shi ko kamfanin gudanarwa mai lasisi, a ƙarƙashin RERA, hukumar kula da harkar gidaje ta Dubai, kwamitin masu gida kuma shawara kawai yake bayarwa. Ba a karɓar kuɗin hidima sai hukumar ta amince da kasafin, kuɗin kuma yana shiga keɓaɓɓen asusun ginin ta tsarin intanet na hukumar mai suna Mollak, ana lissafa shi bisa faɗin fulat. Wanda ya ƙi biya ana ba shi wa'adin kwana 30, daga nan a je ga alƙalin zartarwa, wanda ke iya sa fulat ɗin a gwanjo. Ga wanda ke zaune a Kano yana karɓar haya wannan hutu ne, domin babu taron da za a yanke masa hukunci a bayan idonsa, amma kuma in kamfanin ya yi sakaci ba shi da ƙuri'ar da zai kore shi da ita, sai dai ƙorafi ga hukuma. A yi hattara da kuɗin sanyaya gini, wanda a hasumiyoyi da yawa wani kamfani ne dabam ke karɓa, da kashi 4 cikin 100 na rajistar ciniki, domin ribar hayar da dillali ke ambata sau da yawa ba a cire waɗannan ba. A Turkiyya dokar 1965 mai lamba 634 ta ɗora tarar kashi 5 cikin 100 a kowane wata kan kuɗin hidimar da aka makara, wanda yake da nauyi ga wanda aika kuɗi ƙasar waje ke yi wa wuya. A sababbin rukunonin Alƙahira kuwa an saba karɓar wani kaso na farashin gida tun farko a matsayin ajiyar gyara, kuma abin tambaya shi ne a asusun wa wannan kuɗi zai zauna.

Idan aka jera su, zaɓin ya danganta da ko mutum zama zai yi ko haya zai bayar. Mai ba da haya daga nesa ya fi samun kwanciyar hankali inda hukuma ke duba kasafi ko doka ta wajabta ajiya, wato Dubai da Afirka ta Kudu da Faransa, kuma ya fi shiga haɗari a hayar dogon zango ta Ingila da a unguwannin Amurka da ke iya sauya ƙa'idar ba da haya bayan ya saya. A Jamus da Faransa ba zai yi ba sai da amintaccen wakili mai rubutaccen izinin halartar taro da karɓar wasiƙu. Wanda zai zauna da iyali kuwa ƙa'idojin zama ne za su fi taɓa shi, kuma a nan HOA ta Amurka da dokar gida ta Jamus ne suka fi shiga rayuwar mutum, kowace ta fuskarta, ɗaya a kan abin da ido ke gani ɗaya a kan abin da kunne ke ji. Layya a tsakar gida ba ta cikin lissafi a Ingila da Faransa da Jamus ko da ƙungiya ta yarda, domin dokar ƙasa ce ta mayar da irin wannan yanka mayanka mai lasisi.

A Najeriya rukunonin gidaje sun cika Abuja da Legas, suna kuma ƙaruwa a Kano da Kaduna, amma babu dokar tarayya guda da ta tsara mallakar tarayya kamar ta Jamus ko Afirka ta Kudu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, kuma sau da yawa guda ɗaya ce ga dukan rukunin da sunan kamfanin da ya gina, mai saye kuma a ba shi takardar miƙa haƙƙi da ke rataye da waccan. Ƙungiyar mazauna kan yi rajista da hukumar CAC, ikonta kuma daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu yake fitowa, shi ya sa wanda ya ƙi biya kan fake da sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, ya ce ba a tilasta wa kowa shiga ƙungiya. Da yake zuwa kotu na cin lokaci, sai hukunci ya koma bakin ƙofa da kan mita: maigadi ya ƙi ɗaga wa motar wanda ake bi bashi sandar shiga, ya fito ya buɗe da kansa a gaban baƙinsa, ko kuma, inda rukunin ke sayen wuta a dunƙule yana sayar wa mazauna, a zare kuɗin hidima daga kuɗin katin wutar kafin a ba shi ragowar. Kuɗin da ake tarawa yawanci a man janareto da albashin masu gadi da kwasar shara yake ƙarewa, ajiya kuwa sai ranar da taransifoma ta ƙone ko famfon rijiyar burtsatse ya mutu a fara yawon karo-karo gida-gida. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya haƙƙin rasit na dabam da rubutaccen bayanin yadda aka kashe kuɗin hidima duk wata 6, kuma mai saye a ko'ina yana iya neman a rubuta masa irin wannan sharaɗi a takardar cinikinsa. Tare da shi ya nemi a fayyace ranar da kamfanin da ya gina zai miƙa gudanarwa ga masu gidaje, da sunan wa asusun banki yake da mutum nawa ke sa hannu a cire kuɗi, wa ke da ikon ƙara kuɗin hidima da rinjayen da ake buƙata, da kuma ko filin wasan yara da na masallacin da aka nuna masa a taswira an rubuta su a matsayin na tarayya ko har yanzu suna cikin abin da kamfanin ke iya yankawa ya sayar.